Kafin ka sauya wa yaronka ɗan wasa makaranta a Amurka

A watan Janairu ne, ƙanƙara ta rufe gari, na tashi daga aiki da wuri na nufi zauren wasan makarantar su babban ɗana a nan Columbus, jihar Ohio. Ina shiga na hango abokansa suna ɗumama jiki cikin rigunan ƙungiya, ƙarar takalma na tashi a kan katako, shi kuwa yana can ƙarshen benci da wandon jins da rigar sanyi, riƙe da ɗan allon da ake rubuta wanda ya jefa ƙwallo a kwando. Lafiyarsa ƙalau. Bai faɗi jarrabawa ba, bai yi wa kowa rashin kunya ba. Wasanni 11 ya buga a kakar, daga na 12 har aka kammala gasar jiha bai ƙara sa rigar ba. Tun a Nuwamba aka gaya mini haka za ta faru, amma gani ya kori ji. Da muka shiga mota ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce, "Baba, da mun tambaya tun kafin mu cika fom ɗin."

Gaskiya ya faɗa. Ni na cire shi daga makarantar da ya yi aji 9, wato shekarar farko ta sakandare a nan, na mai da shi wata a gundumar da ke maƙwabtaka da mu, saboda ta fi ƙarfi a darussan kimiyya kuma tana kan hanyar wurin aikin mahaifiyarsa. Gida ba mu canza ba. Ko kusa ƙwallon kwando bai zo mini a rai ba lokacin da nake sa hannu a takardun. A gida Zariya, in ka ga dama ka cire ɗanka daga wannan makaranta ka kai shi waccan, ranar Litinin ya shiga aji, ranar Laraba malamin wasanni ya ba shi riga. A nan ba haka ba ne, kuma tun daga wannan shekara iyaye da yawa daga cikin jama'armu, 'yan Najeriya da Nijar da 'yan zangon Gana, sun tare ni a masallaci da tambaya iri ɗaya. Abin da nake gaya musu shi na rubuta a nan.

Kowace jiha da dokarta

Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne cewa akwai doka ɗaya ta Amurka a kan wannan magana. Akwai tarayyar hukumomin wasannin sakandare, NFHS, mai hedikwata a Indianapolis, wadda ke rubuta ƙa'idojin yadda ake buga wasannin kansu. Amma wane yaro ne ya cancanci shiga fili, wannan hurumin hukumar kowace jiha ne. A Ohio sunanta OHSAA, a Texas UIL, a Kalifoniya CIF, a Florida FHSAA. A wasu wuraren ma hukumar ta fi ɗaya: makarantun kuɗi da yawa a Texas suna ƙarƙashin TAPPS, makarantun gwamnati na birnin New York kuma suna da tasu, PSAL, dabam da ta sauran jihar. Saboda haka shawarar ƙaninka da ke Houston a jihar Texas, duk da ya ba ka ita da zuciya ɗaya, tana iya jefa ɗanka a rami in kana Ohio.

Dokar Ohio ita na fi sani, domin ita ta cije ni. In yaro ya sauya makaranta bayan ya soma aji 9, to a duk wasan da ya buga cikin watanni 12 da suka gabaci sauyin, rabin farko na kakar kawai zai buga a sabuwar makaranta. Rabi na biyu da gasar jiha, sai kallo. A ƙwallon kwando, inda ake buga wasanni 22 kafin gasa, ma'anarsa wasanni 11 ke nan. Da can rabin farko ake zaunar da yaro, ya dawo daidai lokacin gasa. A 2018 shugabannin makarantu suka kaɗa ƙuri'a aka juya abin, don sun ga zaman farkon kaka bai hana kowa tattara gwanaye domin cin kofi ba. Ka lura da wannan: wasan da bai buga ba a waɗancan watanni 12, ba abin da ya shafe shi. Ɗana da aka zaunar a ƙwallon kwando ya shiga tsere a bazarar wannan shekara ba tare da wata matsala ba, don bai taɓa yin tsere a tsohuwar makarantar ba.

A Texas, in iyaye ba sa zaune a yankin makarantar, yaro kan yi shekara guda cur bai buga wa babbar ƙungiya ba, wadda suke kira varsity, ko da yake yana iya buga wa ƙaramar. Akwai wani fom, PAPF, da tsohuwar makaranta ke sa wa hannu tana faɗin ko tana ganin saboda wasa yaron ya tafi, kwamitin gunduma kuma ya yanke hukunci. A Kalifoniya akwai zaman jira na kusan rabin kaka ga wanda ya yi sauyin farko ba tare da ƙaurar iyali ba. Florida kuwa a 2016 ta yi dokar da ta sassauta ƙwarai, ta ba yaro damar wasa da zarar ya shiga sabuwar makaranta. Kuma waɗannan dokoki ba a zaune suke ba, kusan kowace shekara sai an taɓa wani sashe. Littafin dokokin bana za ka nema a shafin intanet na hukumar jiharka, ba na shekarar da ɗan maƙwabcinka ya yi nasa sauyin ba.

Ka fara da ofishin daraktan wasanni

Kowace sakandare tana da daraktan wasanni. Shi ne mutuminka. Ba koci ba, ba magatakardar da ke karɓar takardun shiga ba. Magatakarda aikinta ta ga yaro ya samu aji, kuma za ta yi maka rajista da fara'a ba tare da ta ambaci wasa ba, domin ba ɓangarenta ba ne. Haka aka yi da ni.

Ka je wurin daraktan tun yaro yana tsohuwar makarantarsa, kafin ka sa hannu a komai. Ka tafi da takarda ɗaya da ka rubuta abubuwan nan: ranar haihuwar yaro, watan da shekarar da ya fara aji 9, duk makarantar da ya taɓa shiga tun daga lokacin, duk wasan da ya buga wa makaranta da ranar wasansa na ƙarshe, ko da wasan gwaji ne na kafin kaka, sannan dalilin sauyin a jimla ɗaya ko biyu. Ka tambaye shi kai tsaye: in na kawo shi nan, zai zauna ko ba zai zauna ba, wasanni nawa, kuma wane sashe na doka ne ya ce haka? Ka roƙe shi ya aiko maka da amsar ta imel. Ba rashin yarda ba ne. Daraktoci na sauya aiki, maganar baki kuma ba ta zama hujja a gaban hukuma.

Daraktan da ya zauna da ni a waccan Nuwamba mutumin kirki ne. Ya buɗe littafin, ya juyo shi gabana, ya bi togaciyoyin da ke ɗauke wa yaro zaman benci ɗaya bayan ɗaya da bakin biro yana tambayata. Kun ƙaura? A'a. Kotu ta sauya wanda ke riƙon yaron? A'a. An rufe tsohuwar makarantar? A'a. Da ya kai ƙarshe ya ajiye biron ya ce da na zo a watan Mayu da ya nuna mini abin da zan auna kafin in yanke shawara. Wataƙila da na sauya masa makarantar duk da haka, domin karatu ya kawo mu. Amma da shi yaron ya shiga da saninsa, da an yi shawara da shi.

Game da koci, ka yi hattara sosai. Kusan kowace jiha ta haramta zawarcin 'yan wasa, kuma abin da suke kira zawarci ya fi faɗin yadda muke zato. Kocin wata makaranta ya kira ɗanka a waya, ko ya ce maka "kawo shi, zan ba shi wuri", ko wani mai goyon bayan ƙungiya ya yi muku alkawarin rangwamen kuɗin makaranta ko gidan haya, duk suna iya zama laifi, yaron kuma shi ke fara ɗanɗana hukuncin. Maganar ta taɓa kaiwa Kotun Ƙolin Amurka har sau biyu, a shari'ar makarantar Brentwood Academy da hukumar wasannin jihar Tennessee, wadda ta samo asali daga wasiƙun da kocin makarantar ya aika wa yara 'yan aji 8 yana gayyatarsu atisaye. A 2007 kotun ta tabbatar cewa hukumar na da ikon hana irin wannan. A Kalifoniya, yaro ya bi kocin kulob ɗinsa na waje zuwa makarantar da kocin ke aiki, wannan kaɗai ana ɗaukarsa alamar cewa saboda wasa aka yi sauyin, sai iyaye sun kawo hujjar da ta wanke su. Yaranmu da yawa na buga ƙwallon ƙafa a kulob-kulob na unguwa, kuma kocin kulob sau da yawa shi ne kocin wata sakandare. In ya fara yi maka maganar makarantarsa, ka gode masa, ka ce za ka bi ta ofishin shugaban makaranta.

Ƙaura ta gaskiya, da aron adireshi

Ƙofar da ta fi kowace faɗi ita ce ƙaurar iyali. In gidan gaba ɗaya ya tashi daga wata gundumar makarantu ya koma wata, yaro kan cancanci wasa ba tare da zama ba. Sai dai kalmar "gaba ɗaya" da gaske suke yinta. A Ohio iyaye na cika takardar rantsuwa a gaban mai hatimi, suna shaida cewa sun bar tsohon gida, sun kwashe kaya, a sabon suke kwana. Za a nemi takardar haya ko ta sayen gida, takardar kuɗin wuta ko gas da sunanka, lasisin tuƙi mai sabon adireshi, wani lokaci da rajistar mota. Makaranta na iya turo mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ga ko da gaske kuna ciki. In uba ya kama ɗaki ɗaya kusa da makaranta shi da yaron, uwa da ƙanne suna tsohon gida, wannan a wurinsu ba ƙaura ba ce.

Shawarata, ranar da kuka tare ka buɗe jaka ɗaya ka riƙa zuba komai: rasit ɗin motar da ta kwashe kaya, takardar da mai tsohon gida ya ba ka cewa ka miƙa makulli, takardar gidan waya ta sauya adireshi. Ka sauya lasisinka a makon farko. Lokacin da muka ƙaura da gaske bayan shekara biyu, ƙanwarsa na aji 10 tana tsere, wannan jakar na ɗauka na kai wa sabon darakta tun kafin a buɗe makaranta. Ya tura wa hukuma, amsa ta dawo kafin a fara kaka, ba ta rasa ko tsere ɗaya ba.

Yanzu ga maganar da ta fi yi mini nauyi. A cikinmu akwai al'adar aron adireshi. Wane yana zaune a unguwa mai makaranta mai kyau, sai ka ce, "Alhaji, don Allah bari in sa adireshinka a takardun yaro." Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Na san zumunci ne ke sa mu, da son yaro ya samu ilimi. Amma ina roƙonka kada ka yi, balle in yaron ɗan wasa ne. Yaron da ke zaune a aji shiru ba wanda ya damu da inda yake kwana. Yaron da ya ci ƙwallo uku ranar Juma'a, iyayen ƙungiyar da aka cinye da iyayen yaron da ya ƙwace wa wuri duk sun san motar da ke ɗaukarsa da hanyar da take bi. Waya ɗaya ake bugawa hukuma. In aka tabbatar, ba shi kaɗai zai sha ba: duk wasan da ya shiga ana iya soke nasararsa a ba abokan hamayya, yara goma sha da ba su ji ba ba su gani ba su rasa kakarsu saboda takardar da kai ka cika. A Kalifoniya bayar da bayanin ƙarya na iya jawo dakatarwa har ta watanni 24, rabin zaman sakandare ke nan. Sannan ka tuna takardar rantsuwa ce ka sa wa hannu. Wanda ke da maganar takardun zama a gaban hukumar shige da fice bai kamata a same shi da rantsuwar ƙarya a ko'ina ba.

Riƙo

Mu a wurinmu ɗan wanka ɗanka ne. Yaro ya tashi daga gidan ubansa a Bronx ta birnin New York ya koma gidan kawunsa a Columbus, ba mai tambayar takarda, an ce "ga ɗanka nan" an gama. Hukumomin wasanni ba su san wannan ba. Abin da suka sani shi ne iyaye, ko wanda kotu ta danƙa wa riƙo a rubuce. Wasiƙar da uba ya rubuta ya kai aka buga mata hatimi tana iya isa a karɓi yaro a wata makarantar, amma sau da yawa ba ta isa ta ba shi damar wasa ba. A Ohio ma akwai sharaɗin cewa iyaye su kasance mazauna jihar, sai in yaro ya faɗa cikin wata togaciya. Kuma ko da takardar kotu, hukuma na duba dalili: riƙon ne ya tilasta sauya makarantar, ko don a sauya makarantar aka ƙirƙiro riƙon?

Wani bawan Allah da muke sallah tare ya karɓi ɗan ƙanwarsa bayan mijinta ya rasu. Dalili ne na gaskiya wanda ba mai musunsa, amma sai da yaron ya rasa kakar ƙwallon ƙafa guda, saboda an kawo shi a Agusta, takardar kotu ba ta fito ba sai bayan an rufe kaka. A Ohio ƙwallon ƙafa na sakandare daga Agusta ne zuwa farkon Nuwamba, kaka ce gajera, jinkirin wata biyu ya cinye ta. In ka san yaro zai dawo hannunka, ka fara maganar kotu tun kafin ya iso, ka nemi lauya ko ofishin taimakon shari'a na kyauta da ke gundumarka. Haka in aure ya mutu yaro ya koma wurin ɗaya daga cikin iyaye: abin da takardar kotu ta ce game da inda zai zauna shi hukuma za ta bi.

Akwai wata doka ta tarayya da jama'armu ba su cika sani ba, McKinney-Vento, ta 1987, wadda ke kare yaran da ba su da tsayayyen matsuguni. Ba masu kwana a titi kaɗai take nufi ba. Iyalin da suka rasa gida saboda matsin tattalin arziki suka raɓa a gidan 'yan'uwa suna iya shiga ciki, kuma dokar ta ce a kawar wa irin waɗannan yara shingen shiga harkokin makaranta, har da wasanni. Kowace gundumar makarantu na da jami'in da aka ɗora wa wannan aiki. In halin da kuke ciki ke nan, ba abin kunya ba ne, ka nemi jami'in ka gaya masa gaskiya.

Yaron da ya zo daga gida

Wanda ya taho daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana da ƙarin lissafi biyu, shekaru da zanguna.

Yawancin jihohi na ba yaro zangon karatu takwas, wato shekara huɗu, daga ranar da ya fara aji 9, ko ya yi wasa ko bai yi ba. Agogon ba ya tsayawa. JSS 3 ta Najeriya, da JHS 3 ta Gana, su ne daidai da aji 9 a nan. Yaron da ya gama SS 1 a gida, aka zo nan aka mai da shi aji 9 saboda Turanci, hukuma na iya lissafa cewa ya riga ya ci shekara biyu daga cikin huɗunsa. Zai yi wasa a aji 9 da 10, a 11 da 12 a ce masa lokacinsa ya ƙare, daidai lokacin da jami'o'i ke zuwa kallo. Wanda kuwa ya riga ya kammala sakandare a gida, ya rubuta WAEC ya fita, a mafi yawan jihohi ba shi da sauran damar wasan sakandare. Ka zo da sakamakon kowace shekara daga JSS 1, mai hatimin makaranta, wanda ke cikin Faransanci kuma a fassara shi a wurin mai fassara da aka amince da shi. Ka nuna wa daraktan wasanni kafin a yanke ajin da za a sa yaron.

Shekaru kuma, a Texas yaron da ya cika 19 kafin ko a ranar 1 ga Satumba ya fita. A Ohio ranar da ya cika 20 wasansa ya ƙare. Ranar haihuwar da ke fasfo, da ta takardar haihuwa, da ta sakamakon makaranta dole su zama ɗaya. Mun san yadda ake yi a gida, wani an rubuta masa 1 ga Janairu a nan, a can an rubuta wata rana dabam, ba da wata mugunta ba. A nan saɓanin rana ɗaya ya isa a dakatar da yaro har sai an bincika. Ka gyara tun kafin wani ya gano.

Irin bizar ma na da tasiri. Yaron da ya zo da iyayensa suka zauna, hukuncinsa kusan ɗaya ne da na kowa. Wanda ya zo shi kaɗai da bizar karatu ta F-1, dokar tarayya ta ba shi watanni 12 kacal a sakandaren gwamnati, kuma sai ya biya cikakken kuɗin karatun, jihohi da dama kuma suna taƙaita wasansa ko su hana. Ɗaliban musaya masu bizar J-1 kan samu shekara ɗaya in shirin da ya kawo su yana cikin jerin da CSIET, ƙungiyar da ke tantance shirye-shiryen musayar ɗalibai, ta amince da shi. In wani ya zo maka a gida ya ce zai kai dogon ɗanka Amurka ya buga ƙwallon kwando, ka tambaye shi sunan makarantar, irin bizar, wanda zai riƙe yaron a shari'ance, da hukumar da makarantar ke wasa a ƙarƙashinta. Wanda ya kasa amsa waɗannan huɗun kada ka ba shi ɗanka.

Maki na bin yaro

Sauya makaranta ba ya wanke faɗuwa. A Ohio sai yaro ya ci darussa biyar masu cikakken maki a zangon da ya gabata kafin ya yi wasa a na gaba, kuma sabuwar makaranta sakamakon tsohuwar za ta duba. Karatun hutun bazara ba ya cike wannan giɓi. Texas na da dokarta tun 1984, wadda ta ce wanda bai ci darasi ba ba zai yi wasa ba. Haka in an dakatar da yaro a tsohuwar makaranta saboda laifi, hukuncin kan bi shi.

In ɗanka na da burin wasa a jami'a, akwai wani lissafin dabam na NCAA, hukumar wasannin jami'o'i: darussa 16 na asali, da matsakaicin maki 2.3 ga jami'o'in rukuni na ɗaya, kuma 10 daga cikin darussan sai an gama su kafin shiga aji 12. Kowace sakandare na da jerin darussanta da NCAA ta amince da su. Yaron da ya yi makaranta biyu ko uku, kowace sai ta aika da nata sakamakon. Ka zauna da mai ba ɗalibai shawara a sabuwar makaranta a makon farko, ku ƙirga abin da aka riga aka samu da abin da ya rage.

In hukunci ya riga ya fito

Makaranta ce ke tura buƙatar togaciya ga hukuma, ba kai ba, don haka kada ka ɓata da darakta ko ranka ya ɓaci. Ka tambaye shi ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara, domin wa'adin gajere ne. Kwamitin da ke sauraro ba ya aiki da tausayi kawai, takarda yake so mai kwanan wata. In cin zali ne ya kori yaronka daga tsohuwar makaranta, kamar yadda ake yi wa wasu 'ya'yanmu mata saboda hijabi ko maza saboda sunansu, to ƙorafin da ka shigar a rubuce lokacin da abin ke faruwa shi ne hujjarka. Wanda ya yi haƙuri ya yi shiru ya cire ɗansa kawai, ranar sauraro ba shi da abin nunawa. Duk lokacin da ka kai kuka makaranta, ka bi shi da imel, ka ajiye kwafi. Kuma a gaban kwamiti kada ka ce kocin can ba ya sa ɗana a wasa. Ko gaskiya ne, ka faɗa musu da bakinka cewa saboda wasa ka yi sauyin.

Lokacin sauyi ma abin dubawa ne. Mafi muni shi ne tsakiyar kaka, bayan yaro ya riga ya buga wa tsohuwar makaranta: a Ohio wannan kan rufe masa sauran kakar gaba ɗaya a wannan wasa. Mafi sauƙi shi ne kafin aji 9, lokacin da yaro ke da 'yancin fara sakandare ba tare da wani zama ba. Duk binciken da za ka yi a kan makarantu, ka yi shi yana aji 8.

In kuma zaman ya tabbata, ka tambaya ko an yarda ya ci gaba da atisaye da ƙungiya. Ɗana an yarda masa. Kullum ƙarfe uku yana zauren, yana tsaron manyan 'yan wasan a atisaye, ranar wasa ya ɗauki allonsa ya zauna. Ni ma na ci gaba da zuwa, ina zama a layi na biyu bayan bencinsu inda zai gan ni in ya waiwaya. Watanni 12 na cika hukuncin ya faɗi da kansa. A aji 11 ya buga wasanni 22 ɗin duka, da biyu a gasa kafin a fitar da su.